TARIHIN HAƘƘIN HANYAR ƘAFA A POTISKUM: SHIN DAƊEWAR BIN TURBA YANA MAI DA ITA TA JAMA'A?



Da wuya a sami unguwa a Potiskum da ba a taɓa wayar gari an ga tifa ta juye yashi a kan wata turba da mutane suka saba bi ba. Bayan kwana biyu bulo ya iso, kafin mako ya zagayo katanga ta kai ƙirji. Yaran da ke ratsawa zuwa makaranta, da matan da ke kai niƙa, da dattawan da ke bi zuwa sallar Asuba, kowa sai ya koma zagaye. Idan aka taru a ƙofar mai unguwa, maganar ba ta wuce biyu. Jama'a su ce: "Tun muna yara nan muke bi, iyayenmu ma nan suka bi." Mai fili ya zaro takarda daga aljihu ya ce: "Da kuɗina na saya, ga shaidu, ga awo, babu hanya a ciki."

Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Amsar tana da wuya saboda a garin nan dokoki uku ne suka haɗu a kan ƙasa ɗaya: al'adar da muka gada, fiƙihun Malikiyya, da dokar da Turawa suka kawo wadda gwamnatocinmu suka ɗora a kanta. Kowacce tana da abin da ta ce game da sawun ƙafa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne, daɗewa ita kaɗai ba ta isa. Ana duba irin hanyar, ana kuma duba yadda aka yi ta bin ta, da izini ne ko a matsayin haƙƙi.

GARIN DA HANYA TA RAINA

Kafin a zo ga doka, ya kamata mu tuna cewa Potiskum kanta hanya ce ta ɗaga ta. Ƙasar Ngizim da Karai-Karai da Bolewa tana tsakanin ƙasar Hausa da Borno, fatake da masu tafiya aikin Hajji a ƙasa sun daɗe suna ratsa wannan yanki. A 1924 aka dawo da hedikwatar masarautar Fika zuwa Potiskum, wadda ke kan babbar hanyar mota mai zuwa Maiduguri, garin ya zama mazaunin En'e da Di'o a ƙarƙashin Lardin Borno. Da aka shimfiɗa layin dogo zuwa Maiduguri, wanda aka kammala a 1964, sai ya bi ta Gombe da Buni, bai biyo ta nan ba. Wannan ya bar Potiskum a matsayin garin manyan motoci, mahaɗar hanyoyin Kano, Bauchi, Gombe, Gashuwa da Maiduguri, ga kasuwar shanu da ta hatsi da ke jan mutane daga ko'ina.

Duk garin da ya girma haka, gonakin bakin gari ne ke fara biya. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Potiskum sun haura dubu 200, kuma kowa ya san yadda garin ya ƙara buɗewa tun daga lokacin, musamman da rikicin Boko Haram ya turo jama'a daga ƙauyuka. Wuraren da a da gonakin gero da wake ne, yanzu fuloti ne. Turbar da ta ratsa tsakanin gonaki biyu ba ta san an sayar da gonakin ba, mutane suna ci gaba da bin ta har ranar da mai ginin ya iso.

A AL'ADANCE

A tsarin gargajiya ƙasa tana ƙarƙashin kulawar sarauta. Bulama ko mai unguwa shi ke nuna wa baƙo inda zai yi gida ko gona, lawani da hakimi suna sama da shi, sarki yana sama da kowa. Wanda aka ba gona yana noma ta, 'ya'yansa su gada, amma ba a ba shi hanyar rijiya, ko ta maƙabarta, ko ta kasuwa, ko burtalin da shanu ke bi. Waɗannan an san su kafin a yanka gonar. Babu taswira, babu siminti a kusurwa. Iyaka ita ce tsamiya ko kuka ko jerin gamba da aguwa, rajista kuwa tana cikin kawunan dattawa.

Ko a wancan zamanin mutane sun bambanta turba iri biyu. Akwai wadda ake bi rani da damina, manomi yana kewaye ta idan ya zo shuka, ko da ta raba masa gona biyu. Akwai kuma ta rani, wadda ake yankewa ta tsakiyar gona bayan an kwashe amfani, da zarar ruwa ya sauka an yi shuka sai kowa ya koma babbar hanya ba tare da an ce masa komai ba. Ta farko haƙƙi ce, ta biyu alfarma ce. Yawancin rigingimun yau sun samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun: gonar da aka daina nomawa shekara goma sha biyar ana jiran ta yi tsada, turbar rani ta zauna a cikinta rani da damina, har aka haifi yaran da ba su san wata hanya ba sai ita.

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA RUBUTA

Musulunci ya daɗe a ƙasar Borno da kewayenta, kuma littattafan da alƙalai suka yi aiki da su tun kafin zuwan Turawa na mazhabar Imam Malik ne: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Shaihu Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim na Andalus wanda ya rasu a 1426. A cikinsu ne muke samun abin da kotunanmu ke kira hauzi.

Hauzi shi ne mutum ya riƙe gida ko gona yana sarrafa ta kamar mai ita, yana gini, yana rushewa, yana dasa itace, mai da'awar kuwa yana gari, yana gani, babu tsoro ko ƙuruciya ko wani uzuri da ya hana shi magana, amma ya yi shiru. Idan aka kai shekara 10 a haka tsakanin mutanen da ba dangi ba, ba a sauraron ƙararsa bayan nan. Idan 'yan uwa ne, malamai sun tsawaita wa'adin, kotuna sukan ɗauki shekara 40, domin ɗan uwa yakan yi kawaici ga ɗan uwansa. Sannan hauzi ba ya aiki idan an san asalin shigar mutum aro ne, ko haya, ko jingina, ko amana. Zanen aro ba ya rufe katara, ko ya shekara hamsin a jiki.

Mutane da yawa idan sun ji shekara 10 sai su ce shi ke nan, mun wuce goma muna bi, hanya ta zama tamu. A nan sai an yi hattara. Hauzi magana ce ta wanda ya riƙe wuri yana aikin mai mallaka a cikinsa, mai wucewa da ƙafa kuwa bai gina ba, bai shuka ba. Abin da masu hanya ke bukata su tabbatar a gaban alƙali shi ne hanyar tsohuwa ce, an san ta a matsayin hanya, kuma ba a san wani lokaci da mai fili ya ba da ita aro ba. Wannan aikin shaidu ne adalai waɗanda suka san wurin.

Inda fiƙihu ya fi ƙarfi shi ne ɗaya ɓangaren, wato kare hanyar da ta riga ta tabbata ta jama'a ce. Mukhtasar ya kawo hukuncin rushe ginin da aka yi a cikin hanya ko da bai cutar da masu wucewa ba. Masu sharhi sun bayyana cewa hanyar jama'a da masallaci da waƙafi ba sa faɗawa hannun mutum ta hanyar hauzi komai daɗewa, domin babu wani mutum ɗaya da shirunsa zai zama yafewa a madadin kowa. Wanda ya ciro zaurensa taku biyu cikin layi shekara talatin da suka wuce, tsawon shekarun bai halatta masa ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin hanya mai ɓullewa da lungun da ba ya ɓullewa. Wani magini ɗan Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalan garinsu suka riƙa aikawa ya duba rigingimun gine-gine a ƙarni na 14, ya tattara waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. Hanya mai ɓullewa ta kowa ce. Lungun da ya toshe kuwa na mutanen da ƙofofinsu ke cikinsa ne a tarayya, ba mai buɗe sabuwar ƙofa ko ya sa ƙyaure a bakinsa sai da yardar sauran. A nan ƙasar ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da harabar da ake bar wa gari da rijiya don amfanin kowa.

Faɗin hanya ma an yi maganarsa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato mita uku da ɗoriya, gwargwadon yadda dabba mai kaya za ta wuce. Malamai sun ce wannan na sabuwar hanyar da ake jayayya a kanta ne, ba hujja ba ce ta rage tsohuwar da ta fi haka faɗi. Muwaɗɗa kuma ta kawo labarin Dahhak ɗan Khalifa, wanda ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammad ɗan Maslama a Madina, mai gonar ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta a ratsa domin abin zai amfani maƙwabci kuma ba zai cutar da mai gona ba. Malamai sun yi saɓani a kan ko za a tilasta irin wannan a kowane hali, amma labarin ya nuna cewa tun farkon Musulunci mallaka ba ta zama lasisin toshe wa maƙwabci hanya ba.

A daular Usmaniyya ma, da aka tsara kundin Majalla tsakanin 1869 da 1876 bisa mazhabar Hanafiyya, an kafa ƙa'idoji biyu a jere: abin da aka taras tun da can a bar shi yadda yake, amma cuta ba ta zama halal don ta tsufa.

DOKAR DA TURAWA SUKA ZO DA ITA

Su ma mutanen Ingila sun sha fama da wannan tambaya ɗaruruwan shekaru. A tsohuwar dokarsu, wanda ke da'awar hanya ta cikin filin wani sai ya nuna ana bin ta tun zamanin da ba wanda ya tuna farkonsa. Wata doka ta 1275 ta sa aka tsayar da wannan zamani a shekarar 1189, farkon sarautar Sarki Richard na Ɗaya. Da shekaru suka yi nisa abin ya zama wasa da hankali, domin da zarar mai fili ya nuna cewa gidan da ake zuwa ta hanyar an gina shi bayan 1189, da'awa ta faɗi. Sai alƙalansu suka ƙirƙiro dabara: idan an shekara 20 ana bi, za a ɗauka cewa an taɓa rubuta takardar ba da hanya amma ta ɓace, ko da kowa ya san ba a taɓa rubuta ta ba. Majalisar Iyayengiji ta amince da wannan dabara a shari'ar Dalton da Angus a 1881. Kafin nan, a 1832, majalisarsu ta yi doka ta musamman: shekara 20 na bi ba yankewa suna kafa haƙƙin hanya, shekara 40 suna sa shi ya kafu sosai, sai dai in an nuna rubutaccen izini.

Sharuɗɗan da suka gindaya guda uku ne, kuma duk wanda ya karanta hauzi zai ji kamar ya san su: kada bin ya zama da ƙarfi, kada ya zama a ɓoye, kada ya zama da izini. Wanda ke tsallake shinge ana korarsa bai tara komai ba. Wanda ke bi da dare don kada a gan shi bai tara komai ba. Wanda ya je ya ce "Alhaji, ka yarda in riƙa bi ta nan?" aka ce masa bismilla, shi ma bai tara komai ba, domin roƙon da ya yi shaida ce cewa ya san ba haƙƙinsa ba ne. Shi ya sa masu filaye a can suka saba kafa allo, ko su kulle ƙofar hanya rana ɗaya a shekara, don kada shirunsu ya zama hujja a kansu.

Dokar Ingila ta kuma raba abu biyu. Akwai haƙƙin hanya na gida a kan filin maƙwabci, wanda yake manne da gidan, duk wanda ya sayi gidan ya saya da shi. Akwai kuma hanyar jama'a baki ɗaya, wadda ake ɗauka mai fili ya sallama ta ga kowa idan ya bari ana bi a fili shekaru da dama bai hana ba. Sannan akwai hanyar larura: idan mutum ya yanki tsakiyar filinsa ya sayar maka, babu mafita sai ta ragowar filinsa, doka tana ɗauka ya sayar maka har da mafitar.

Ta ina wannan ya shafe mu? Dokokin kafa manyan kotuna sun shigo da dokokin Ingila na gama-gari waɗanda ke aiki a ranar 1 ga Janairu 1900, kuma lauyoyi suna lissafa dokar 1832 a cikinsu. Amma kotunan Najeriya sun sha faɗa cewa dokar gargajiya ba ta san mallaka ta hanyar daɗewa kawai ba. Abin da ya sassauta wannan shi ne hukuncin 1913 a shari'ar Akpan Awo da Cookey Gam daga kudancin ƙasar nan, inda kotu ta ce ba za ta bari mai fili ya kwanta shekaru yana kallon wani yana amfani da wuri, sannan ya farka ya fake da al'ada ya kore shi ba. A 1976 Kotun Ƙoli, a shari'ar Idundun da Okumagba, ta jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, daɗewar riƙo da amfani tana cikinsu.

DAGA 1910 ZUWA 1978: ƘASA TA KOMA HANNUN GWAMNA

A Arewa Turawa sun bi wata hanya dabam da ta Kudu. Gwamna Girouard ya sa aka kafa kwamitin filayen Arewa wanda ya zauna a Landan a 1908. Daga rahotonsa aka yi dokar 1910, aka sabunta ta a 1916, wadda ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. A aikace talaka bai ga canji sosai ba, domin En'e da hakimai da bulamai su suka ci gaba da rabon fili, kotun alƙali kuma ta ci gaba da hukunci da littattafanta. Gwamnatin Sardauna ta maye gurbin wannan da dokar filaye ta 1962, ta kuma yi dokar wuraren kiwo a 1965.

Sai ranar 29 ga Maris 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya ta musamman a sashe na 315, ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da aka ayyana na birni gwamna ke ba da izinin zama a kansu, na karkara kuma ƙaramar hukuma, wadda sashe na 6 ya iyakance mata hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo sai da yardar gwamna. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta 1991, wannan iko ya tashi daga Maiduguri ya koma Damaturu.

Abin da ya shafi maganarmu yana sashe na 5: gwamna yana da ikon ba da haƙƙin hanya da makamantansa a manne da izinin zama. Daga nan lauyoyi suka rabu. Wasu na cewa tunda ba wanda ya mallaki ƙasa ɗungurungum yanzu, kuma doka ta faɗi wanda ke ba da hanya, to tsohuwar dabarar shekara 20 ta raunana. Wasu na cewa dokar ba ta soke ta ba, kuma haƙƙoƙin da suka kafu kafin 1978 suna nan. Ko wanne aka bi, darasin ɗaya ne ga mutumin unguwa: hanyar da ta shiga taswirar awo tana da mai tsaya mata, wadda ke cikin tunanin dattawa kaɗai sai an yi shari'a, kuma dattawan suna ƙarewa.

Ya kamata a san kuma inda ƙara ke tafiya. Jihar Yobe tana cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, kuma kotunan ƙasa suna duba rigingimun gona da gida da hukuncin Malikiyya. Amma Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Magaji da Matari a 2000 cewa jayayyar mallakar fili zalla, wadda ba ta gado ko waƙafi ko kyauta ba, ba ta cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Don haka rigimar lungu da ta fara a gaban alƙali tana iya ƙarewa a Babbar Kotu, a gaban lauyoyi, da kuɗin da ya fi ƙarfin fulotin.

AWON IGIYA DA SHEKARUN TSORO

Abubuwa biyu ne suka fi cinye hanyoyin ƙafa a zamaninmu. Na farko awon igiya. Magada su sayar da gona, dillali ya zo da igiya da turaku ya yanka ta hamsin-hamsin ko ɗari bisa hamsin. Duk taku ɗaya da ya bari na hanya kuɗi ne ya rage, don haka sai a matse layi, tsohuwar turba kuwa a haɗa ta cikin fuloti. Mai saye na farko ya san da ita, yana barin mutane su wuce. Ya sayar wa na biyu, na biyu ya sayar wa wani da ke zaune a Kano ko Abuja wanda bai taɓa ganin wurin da damina ba. Shi wannan ba azzalumi ba ne, abin da aka nuna masa ya saya. Laifin yana ranar da aka yi awo babu wanda ya tsaya ya ce nan hanya ce. Tun ran gini ran zane. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a nemi izini kafin a yanka fili ko a yi gini, amma gari ya fi masu awon gwamnati sauri.

Na biyu shekarun tashin hankali. Daga 2012, shekarar da aka kai hari kasuwar shanu, zuwa dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013, zuwa harin makarantar sakandare na Nuwamban 2014, garin nan ya ga abin da ba ma fatan ya dawo. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. A lokacin an toshe layuka, an zagaye makarantu da ma'aikatu da katanga, unguwanni sun sa shinge a bakin lunguna, kuma ba mai hankalin da zai yi jayayya da hakan. Amma ya kamata a rubuta a tarihi cewa shirun da jama'a suka yi a waɗannan shekaru shirun tsoro ne. A fiƙihu shirun mai uzuri ba ya zama hujja a kansa, hanyar jama'a kuma ba ta faɗuwa da tsawon zamani. Inda katangar makaranta ta rufe turbar da aka saba ratsawa, tsaron yara ya fi gajeriyar hanya. Inda kuwa wani ya fake da shingen tsaro ya faɗaɗa gidansa ko shagonsa cikin layi, wannan magana ce dabam.

Burtali ma hanyar ƙafa ce, ta dabba da mai kora ta, kuma garin da ke cin abinci daga kasuwar shanu bai kamata ya manta da ita ba. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idojin zirga-zirgar makiyaya a 1998, maƙwabciyarmu Nijar kuma ta sa hanyoyin dabbobi cikin dokar karkara ta 1993, aka bi da yawansu aka kafa musu alamomi. Abin da ya faru da burtalin da ba a yi wa alama ba shi ne ke faruwa da lungun da ba a rubuta ba.

TO, WANE NE MAI GASKIYA?

Mu koma ƙofar mai unguwa. Idan turbar tsohuwar hanya ce mai ɓullewa, wadda manoma ke kewayewa tun wurin yana gona, to jama'a ne da gaskiya a al'ada da fiƙihu, kuma takardar ciniki ba ta sayar da abin da mai sayarwa bai mallaka ba. Idan gida ne a ciki wanda ba shi da wata mafita, dukkan dokokin suna neman a bar masa ƙofa. Idan kuwa kango ne ko fili da mai shi ya bari ana yankewa ta ciki don mutunci, ana kuma da wata hanyar ko da ta fi nisa, to alheri ya yi, kuma bai kamata alherinsa ya zama sanadin raba shi da filinsa ba. Idan muka mai da duk alfarma ta zama haƙƙi, gobe ba wanda zai bar kowa ya taka filinsa ko na yini ɗaya.

Abin da ya rage mana shi ne mu yi aikin da rajistar baka ba za ta ƙara yi mana ba. Kowace unguwa, daga Dogo Tebo da Dogo Nini zuwa Hausawa da Bolewa da Yerimaram, har Mamudo da ƙauyukan da gari ke tunkara, tana da dattawan da suka san inda hanyar rijiya da ta maƙabarta suka bi. A zauna da su tare da mai unguwa tun suna raye, a rubuta, a auna faɗi, a sa hannu, a kai kwafi ga hakimi da sashen filaye na ƙaramar hukuma da hukumar YOGIS mai rajistar filaye ta jiha. Mai sayen fili ya je da ƙafarsa ya duba ko akwai sawu a ciki, ya tambayi maƙwabta kafin ya biya. Mai filin da ke barin mutane su wuce don Allah ya faɗa a gaban shaidu cewa aro ne, wanda kuma ya yi niyyar bayarwa har abada ya rubuta ta waƙafi, ladarsa na gudana muddin ana bi. Idan aka ga an fara haƙa tushe a kan hanya, a yi magana ranar, cikin ladabi, kafin bulo ya hau. Rushe katangar da ta kai linta yana barin gaba har ga jikoki.

Ranar da za a fito da gawa daga cikin lungu, ko a shigo da mota ɗaukar mai naƙuda, ko motar kashe gobara ta tsaya a bakin layi ta kasa shiga, ranar ce kowa ke gane darajar taku biyun da aka ci.

Allah ya ba mu haƙurin zama da maƙwabta, ya tsare mu daga cin haƙƙin jama'a, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Amin.